Ɗigon Ƙura a Gilashin Mai Hoto

A wani gari, a zamanin da mota ɗaya ce ke zuwa birni duk mako, an yi wani mai hoto da ke ji da tsohuwar kyamararsa, irin wadda ake wanke hoto a cikinta nan take.

Ran nan da hantsi wata tsohuwa ta zo ta zauna a bencinsa. Ta ce, "Ɗan nan, ɗauke ni in aika wa autana a birni. Shekara shida bai ga fuskata ba, kuma da azahar mota za ta tashi."

Mai hoto ya leƙa, sai ya hango ɗigon ƙura a cikin gilashin kyamarar. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Iya, ɗan dakata." Ya kwance gilashin, ya goge, ya ɗaure. Ya leƙa, ga wani ɗigon.

"Iya, ɗan dakata." Ya kwance, ya goge, ya ɗaure.

Tsohuwa ta ce, "Kumatuna fa sun gaji da murmushi. Ɗauke mu mana, ni da ƙurar."

Ya yi tsaki, ya sake kwancewa. Yana ta gogewa har azahar ta yi, mota ta yi oda, ta wuce.

Can ya ɗago yana zufa. "Iya, ya fita fes. Gyara zama."

Tsohuwa ta miƙe, ta karkaɗe zanenta. Ta ce, "To, ɗauki bencin. Autana dai ba ƙura zai duba ba, uwarsa yake son gani."