Saura Taya

Can a wani ƙauye, a zamanin da ya wuce, an yi wani yaro mai son ƙera motar kara. Bayan girbi ya tsinto kara, ya fere, ya haɗa babbar mota har da ƙofa mai buɗewa. Ya ɗaure ta da 'yar wayar da ya daɗe yana ɓoyo. Saura taya kawai.

Da tsohon silifa ake yanka taya. Ya duba bola, babu. Ya duba bakin kasuwa, babu. Ga shi washegari yara za su yi tseren motoci a dandali.

Da ya dawo gida, sai ya ga silifan kakarsa a ƙofar ɗaki, tana ciki tana salla. Ya ɗauki ɗaya, ya zaro reza.

"Ai ya tsufa," ya ce a ransa. "Taya huɗu zai ba ni."

Har ya ɗora reza, sai ya ga shatin yatsunta a jiki. Diddigen ya cinye, hancin ya tsinke, da tsumma ta ɗaure shi. Da wannan take zuwa rijiya cikin zafin rana.

Ya ajiye reza. Ya zare wayar motarsa, motar ta wargaje, ya ɗaure hancin silifan tamau.

Kaka ta fito, ta zura ƙafa, ta taka, ta sake takawa. Sai ta dubi karan da ke warwatse a ƙasa.

"Angona, ina motar taka?"

"Ga ki a kanta, Kaka."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗauki guga, ta miƙa masa hannu.

"To direba, kai ni rijiya."