Taswirar Fadamar Lakka

Da hantsi aka kira Sufeto Taisto Rautio, aka ce tsohuwar taswirar yankinmu ta ɓace daga gidan tarihin ƙauye, ga shi gobe za a baje ta kowa ya gani. Ya tuƙo a hankali ta bakin tafki, hazo na tashi daga ruwa, rabin hankalinsa na can cikin kwalekwalensa.

Taswirar ta zamanin da ce, tun tafkin bai janye ba, kowace fadama da sunanta, kowane tudu da layukan tsayinsa.

Helmi mai kula da gidan ta rantse ta kulle ƙofa. Da ya tsare ta da ido, ta ce to, ta ɗan fita shan kofi, amma wa ke sata a nan?

A jikin gilashin akwatin da ake ajiye taswirar ya ga sawun yatsa mai danƙo, ruwan ɗorawa. Ya shinshina. Lakka ce, 'ya'yan itacen fadama, waɗanda mutumin yankin nan gara ya ba ka motarsa da ya faɗa maka inda yake tsinko su. Bana kuwa ta mutum ɗaya ce ta nuna, gwaggo Lempi, wadda mijinta ya rasu bara.

Ya same ta tana dafa lakka da sukari. Ta ce ko ƙofa ba ta leƙa ba.

"Gwaggo, wannan garin magogin goge fensir a kan tebur fa?"

Ta ɗage mayafin teburin. Ga taswira.

"Mijina ne ya riƙe wa masu zana taswirar nan sarƙar awo," in ji ta. "Ya ɗiga fensir a inda ya fara kai ni tsinka. Gobe gari ya gani, jibi su tattake min wurin. Shi kaɗai ya rage min."

Sufeto ya ɗaga takardar wajen taga. Gwaggo ta goge ɗigon har ta huda takardar, haske na shigowa daidai tsakiyar fadamar. Tausayinta ya kama shi.

"Ɗigon nan ba wanda zai lura da shi, gwaggo. Hudar nan kuwa kowa sai ya tambaya."

Ta daɗe tana kallon hasken. Ta kashe murhu, ta ɗaura kallabi, ta roƙe shi su bi ta hanyar fadama in za su caji ofis.

Ta can suka bi, bai kuma yi sauri ba.