Saura Awa Talatin

Ƙarfe ɗaya na ranar Alhamis aka kawo rahoto caji ofis: an yi sata a shagon kayan sauraron kiɗa da ke bakin tasha. Sufeto ya ajiye kofin shayinsa, ya kira Saja, suka taka a ƙafa, don wurin ba nisa.

Mai shagon mace ce mai tabarau, ranta a ɓace. A bayanta mai gyara ne tsaye, mijin ƙanwarta, ya sunkuyar da kai.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Iyafis guda da na'urar kiɗa ta aljihu, Yallaɓai. Wani direban jirgin ƙasa ya sa na yi masa odarsu. Asabar zai zo karɓa."

Sufeto ya duba kanta. Manyan hedifon masu sheƙi suna rataye, ba a taɓa ko ɗaya ba.

"Ɓarawon ya bar waɗannan ya ɗauki ƙanana?"

"Ƙananan sun fi su nesa ba kusa ba. Sai wanda ya san kaya." Ta harari surukinta. "In ba su fito ba, yau zai ajiye mini makulli. Ƙanwata ma na san abin da zan gaya mata."

Ta kai su teburin baya, inda kayan suke kafin a ɗauke. Soket ɗin bango fayau, kusa da shi ga ƙusa ba komai a jikinta.

"Me ke rataye a nan?"

"Katin awoyi," in ji mai gyara. "Sabon iyafis irin wannan ba a miƙa wa mai shi haka nan, Yallaɓai. Sai an bar shi yana kiɗa awa ɗari ba tsayawa, muryarsa ta saki. Mu a nan cewa muke ana dafa shi. Litinin ƙarfe huɗu na kunna, na rubuta a katin."

Saja ya yi dariya. "To da gaske yake nuna?"

"Wasu sun ce banza ne. Masu saye dai sun yarda."

Sufeto ya rubuta a littafinsa: an ɗauki caja, an ɗauki kati. Ɓarawon da zai kai kaya kasuwa ba ruwansa da katin awoyi.

Ya ja mai gyara gefe. "Da tsakar rana kana ina?"

"Ina nan, ko ƙofa ban leƙa ba."

"Maɓallin rigarka ya kama zaren jan balan-balan. A nan kuke sayar da shi?"

Mutumin ya dubi maɓallin. "'Yata na ɗauko daga makaranta, Yallaɓai. Minti ashirin. Yaya ta je asibitin ido, kuma ta sha hana ni barin shago, shi ya sa na yi shiru."

"Ka kulle?"

"Na dai ja ƙofa. Na ce wa mai kemis ya sa mini ido."

Kafin su fita, Sufeto ya ga wani ƙaramin akwati a buɗe, cike da robobin da ake sa wa bakin iyafis, an jera su bibbiyu. Gurbi biyu ne kawai ke da ɗaiɗai.

"Haka suke zuwa?"

Mai shago ta gyara tabarau. "A'a. An cire babba ɗaya, ƙarama ɗaya. Wa zai yi haka?"

"Wanda kunnuwansa ba ɗaya ba," in ji Sufeto.

Kemis ɗin bango ɗaya ya raba shi da shagon. Mai shi dattijo ne mai fara'a cikin farar riga. Fanka na juyawa, firjin magani na gurnani, rediyo kuma an ƙure shi.

"Sannunku da aiki, Yallaɓai. Wallahi ban ga kowa ba, layi ne ya yi mini yawa."

"Kana shiga shagon maƙwabciyarka?"

"Gaisuwa kawai. Ni da waɗannan kayan? Rediyona ya ishe ni."

Sufeto ya bi kantocin da kallo. A bayan kwalaben maganin tari ya hango wani tsohon iyafis, an naɗe wayarsa tsaf an ɗaure. Ya ɗauko ya juya shi a tafin hannu. Robar dama babba ce, ta hagu ƙarama.

"Na ɗana ne," in ji mai kemis da sauri.

"Allah ya raya shi. Saja, kashe rediyon nan."

Saja ya kashe.

"Da fanka. Cire firjin ma, minti ɗaya ba zai ɓata magani ba."

Ɗakin ya yi tsit. Sufeto ya ɗaga yatsa. Can ƙasan kanta wani siririn sauti ke fitowa, kamar sauro a cikin kwalba. Ya bi wata baƙar waya daga soket har durowa ta ƙarshe, ya jawo ta.

Iyafis ɗin na kwance a kan auduga, na'urar na kan caji, kiɗa na tafiya. Katin na gefe, an ƙara layi da jan biro: awa saba'in.

Mai kemis ya zauna a kan kujera.

"Me ya hana ka kashe shi tun lokacin da ka ɗauko?" in ji Sufeto. "Da ba wanda zai ji."

"A kashe a awa sittin da takwas?" Dattijon ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Ai an lalata aikin ke nan, Yallaɓai." Ya sauke numfashi. "Ni na ɗauka. Ran Litinin mai gyaran nan ya sa mini shi na minti biyu. Waƙar da na shekara ashirin ina ji, sai ga numfashin mai busa sarewa a cikinta, ban taɓa sanin yana nan ba. Tun ranar komai na sa a kunne sai in ji kamar ta cikin bargo."

Mai shago da surukinta suna bakin ƙofa, sun ji komai. Tun a shago ya riga ya gaya mata maganar makaranta. Ta goge tabarau, ta juya ga surukin nata.

"Kai kuma da ka ce mini makaranta za ka, cinye ka zan yi? Je ka buɗe shago. Gobe ka kawo mini 'yar tawa nan ta zauna."

"To, Yaya."

Saja ya kama hannun mai kemis. A bakin ƙofa dattijon ya waiwayo.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya. Saura awa talatin."

A ofis Saja ya ɗauko ambulan ɗin kayan shaida, ya kai yatsa kan maɓallin kashewa. Sufeto ya dubi agogo, ya tuna direban da zai zo Asabar. Ya cire wayar butar shayi daga soket.

"Jona shi nan," ya ce. "Ka rubuta awa saba'in da ɗaya."