Keken Zuwari Na Ƙarshe

Ranar Juma'a da la'asar Olfa ta dawo daga asibiti, 'yarta Lina na barci a kafaɗarta, ta tarar da ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe. Ba a fasa kwaɗon ba. Ƙugiyar bangon da take rataye keken kuwa wayam.

Keke ne na ƙarfe, shuɗi, na ƙarshe da mahaifinta Am Abdelwahab Zuwari ya haɗa da hannunsa a wannan ɗakin kafin rasuwarsa. Duk wanda ya san keke a birnin Sfax ya san aikin Zuwari: ya yanka bututu, ya haɗa da narkakkiyar tagulla, ya goge har ido ya kasa gane gaɓa. Abokansa masu fita tsere ran Lahadi kallon keken suke kamar ba don hawa aka yi shi ba. Ita kuwa ta ɗaura masa kujerar yara a bututun sama, tana kai Lina gidan reno. Ta ma riga ta gama cinikin sayar da keken da wani likitan haƙori, Dakta Slim, domin ƙirjin Lina ba ya jure hayaƙin titi, kuma tana son ta haɗa kuɗin ƙaramar mota.

Sufeto Nasr ya zo, ya duba kwaɗon, ya juyo.

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni da ƙanin mijina, Shokri. A nan yake ajiye komarsa."

"Kin gan shi yau?"

"Na gan shi a bakin layi da zan fita." Ranta a ɓace yake, sai ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba. "An taɓa kama shi a kan maganar babur, da daɗewa."

Kafin magariba aka ɗauko Shokri daga bakin tashar jiragen kamun kifi, a gaban mai jirgin da bai daɗe da ɗaukarsa aiki ba. Mijinta Hatem ya bugo daga Libiya inda yake aiki. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ke kika ba su sunansa, Olfa?" Litinin za a miƙa Shokri gaban mai gabatar da ƙara, mai jirgin kuma ya ce ba ya jiran kowa.

Da safiyar Asabar ta sauka don ta share ɗakin. A nan ta tsaya da tsintsiya a hannu. Jiya ta ga kujerar Lina a kan benci, amma ba ta dube ta ba. An ninke tsumma an ɗora ta a kai. Notukanta na jere a gefe bi da bi, kowanne an shafa masa giris. Shokri kuwa da guduma da waya yake gyara komai a duniya, har rediyon uwarsa. Wane ɓarawo ne ma zai tsaya shafa giris?

Ta juya kujerar. A jikin robar da ke matse bututun akwai ɓarɓashin shuɗin fenti. Ta fita ta zura hannu bayan mitar wuta, inda mahaifinta ke ɓoye mabuɗin ko-ta-kwana. Ta manta da shi sam. Yana nan, amma babu ƙura ko kaɗan a jikinsa.

Ta bar Lina wurin maƙwabciya ta fita.

Dakta Slim ta fara samu. Kekuna ne rataye a bangon ɗakin jiransa kamar hotuna.

"Jiya da rana? Ina nan cikin bakin mutane har magariba, tambayi mai karɓar baƙi. Kuma me zai sa in saci abin da zan saya jibi?"

"Ka san inda Baba ke ajiye mabuɗi?"

"Madam, ni ko taya ban iya cirewa ba. Saye nake in rataye."

"Wa ya san da cinikin?"

"Duk 'yan tseren da ke haɗuwa a gidan shayi ran Lahadi. Na gaya musu ɗana zan aika wa can birnin Lyon. Si Mondher ma, abokin mahaifinki, na sa ya yi mini ƙiyasi, ya ce in bari, bai kai kuɗin ba." Ya yi dariya. "A nan na tabbata ya kai."

Daga nan ta wuce rumfar Am Hedi mai gyaran keke, wanda ya san mabuɗin tun tana rarrafe. Ta same shi hannun dama a ɗaure da filasta, ya faɗo daga tsani tun makon jiya.

"Da wannan hannun zan kwance miki noti? Ko wandona matata ke ɗaura mini." Ta kwatanta masa abin da ta gani a benci. Ya taɓe baki. "Ni a gwangwanin kifi nake zuba nawa. Jera noti a tsumma ɗabi'ar ubanki ce, Allah ya jiƙansa, da tsofaffin nan da suka yi rayuwarsu a ɗakinsa suna shanye masa shayi. Sun kai rabin gidan shayin."

Da rana ta kai wa Shokri abinci ofishin 'yan sanda. Aka dawo mata da kwanon a rufe yadda ta kawo shi. Ta riƙe shi a ƙirji ta shiga wurin Sufeto.

"Giris ba shaida ba ne, madam," in ji shi. "Jiya ke kika kawo mini mutum, yau kuma kina so in kama tsofaffi?"

"Ba na so ka kama kowa da bakina kuma. Gobe ka zo gidan shayin ka sha gahawa kawai, ba da kayan aiki ba. Na san mutanen nan. Akwai abin da ba sa iya haɗiyewa."

Lahadi da hantsi 'yan tseren suka dawo gidan shayin, kekunansu jingine a bango, kowanne ɓangaren sarƙa a waje. Olfa ta shigo, Lina a hannu ɗaya, kujerar a ɗaya hannun. Sufeto na zaune a teburin gefe da jarida.

Si Mondher ne ya fara miƙewa. Tsohon malamin lissafi ne, babban abokin mahaifinta, wanda ya sha ɗora ta a wuya tana ƙarama.

"'Yata, mun ji abin da ya faru. Zauna. A kawo wa yarinya lemo."

Ta ajiye kujerar a tsakiyar teburin, tsakanin kofuna.

"Kai, ɗauke mana wannan masifar!" wani ya ce. "Zuwari da kujerar jarirai, kamar a sa wa dokin tsere mangala."

"Ku dai ku faɗa," in ji Olfa. "In an sami keken, mayar da kujerar zan yi kafin Dakta ya zo. Shekara guda tana kai, ko ƙwarzane ba ta yi masa ba. Ƙarfe ne fa, ba ƙwai ba. Ku ne kuke mayar da shi wani abu. Baba ma da kansa cewa zai yi in ƙara matse ta."

Aka yi dariya. Si Mondher bai yi ba. Ya ajiye kofinsa a kan faranti.

"Ko ƙwarzane?" ya ce a hankali.

"Ko ɗaya, Si Mondher."

"Kin lotsa shi!" Ya buga tebur. "Bututun da bai kai farcenki kauri ba, kin matse shi da sifana kamar famfon banɗaki! Lotsa har biyu, gefe da gefe, fenti ya tsage, tsatsa ta fara cinsa. Kuma ki ce Abdelwahab zai..."

Ya tsaya.

Sufeto ya ninke jaridarsa. "Wurin nan roba ce ke rufe da shi, ko, madam?"

"Tun ranar da na ɗaura kujerar ban cire ta ba," in ji Olfa. "Ni kaina ban san ya lotse ba. Fenti kawai na gani a robar. Wanda ya kwance ta ne kaɗai ya ga abin da ke ƙasa. Ya san mabuɗin Baba. Ya jera notuka yadda Baba ke yi. Kuma shi ne ya so ya hana cinikin."

Si Mondher ya zauna a hankali, ya cire hular tserensa ya riƙe a cinya.

"Yana ɗakin kwanana, na lulluɓe shi da bargo. Ba sayarwa zan yi ba, wallahi. Ina tsaye a kansa lokacin da ya haɗa shi, hannunsa na karkarwa, ni ke riƙe masa wuta. Sai a kai shi Lyon a rataye a bangon yaron da bai san sunansa ba?"

"Shokri fa?" ta ce. "Kwana biyu yana tsare."

"Na ɗauka za su sake shi. Duk lokacin da na tashi zan je, sai in kasa."

Ta buɗe baki za ta yi masa faɗa, sai ta tuna ita ce ta ba da sunan Shokri. Ta rufe bakin.

Sufeto ya taɓa kafaɗar tsohon. "Mu je, malam. Bar kekenka a nan, a ƙasa za mu tafi."

Bayan azahar aka saki Shokri. Olfa na tsaye a rana a gaban ofishin, ta ƙi shiga inuwa. Ya fito da rigar aikinsa mai ƙarnin kifi, idanunsa jawur. Lina ta zame daga hannunta ta ruga ta rungume ƙafarsa, ya ɗaga ta sama ya sumbaci goshinta.

"Shokri, ni na jawo maka. Zan je wurin mai jirgin yanzu in gaya masa komai, a gaban kowa."

"Ki je," ya ce. "Aikin nake so."

"Ka yafe mini."

Ya sauke Lina, ya gyara mata wuyan riga. Sai lokacin ya dubi Olfa.

"Da kika ce kin gan ni a layi, gaskiya kika faɗa. Maganar babur fa, wa ya tambaye ki?"

Ya juya ya nufi bakin teku. Olfa ta saɓa Lina ta bi bayansa, ba kusa ba, tana maimaita wa kanta abin da za ta faɗa wa mai jirgin.