Ƙarfen Tada Mota

"Kai ka san girman abin da kake tuƙi kuwa?" in ji Kabo, yana leƙowa ta tagar lorinsa. "Kwaɗo ma in ya hangi giwa gefe yake yi."

"Sauko ka faɗa mani a ƙasa."

Sada ne ya ba shi wannan amsa. Yana tsaye cikin laka har idon sawu, a bakin hanyar Kano zuwa Katsina, daf da shiga Kankiya. A bayansa ƙaramar mota Moris baƙa ta ubangidansa Malam Jaji, malamin dabbobi na En'e, ta karkace cikin rami. A hannunsa kuma ga ƙarfen nan da ake murɗawa a tada mota. Bai san sa'ad da ya zaro shi ba.

A wancan zamani na Turawa kwaltar siririya ce, faɗin mota ɗaya. Ƙa'idar direbobi ita ce in an yi kiciɓis, kowa ya sauke ƙafafun gefe guda ƙasa, a raba kwalta biyu. Masu lori sukan manta da wannan ƙa'ida, Kabo kuwa ya fi kowa mantuwa. Tun daga nesa ya hangi Moris, ya danna oda, ya miƙo tsakiyar hanya kamar gadon gidansu.

Kabo ya sauko. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Sada siriri ne, amma zuciya ba ta duba jiki. Ƙarfe ya tashi sama.

"In kashe juna za ku yi, ku ɗan matsa can. Cikin nonona kuke tsaye."

Duk suka dubi ƙasa. Ga farin nono yana bin laka, ga ƙwarya a kife. Mai ita tana tsaye gefe, doguwar Bafillatana, gammonta a hannu. Moris ce ta firgita ta sa'ad da ta bar hanya. Yanzu kam babu tsoro ko kaɗan a fuskarta. Ta dubi ƙarfen, ta dubi mai ƙarfen.

Hannun Sada ya sauka da kansa.

Kabo ya yi dariya, ya koma kujerarsa. Kafin ya ja sai ya leƙo ya ce, "Haulatu, a gaida Baffa."

A bakin Kabo Sada ya fara jin sunanta. Sunan ya yi masa daɗi, bakin da ya faɗe shi ne ya tsaya masa a rai.

Haulatu ɗiyar Bube ce, wanda take kira Baffa, mai ruga a wajen hanyar Sukuntuni. Kullum tana zama ƙarƙashin wata tsamiya a bakin kwalta, ita da ƙawarta Kulu mai fura. Sada, wanda da can ba ya shan nono sai a kunu, ya zama ba ya wuce tsamiyar nan. Yau ya ce injin ya yi zafi, gobe ya ce taya yake dubawa. Kulu ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mota mai ciwo wuri ɗaya ba.

Haulatu ba ta kiran sunansa. Mai ƙarfe take ce masa.

"Mai ƙarfe, yau wa ka kashe?"

"Yau ni aka kashe. Kuma mai kisan ce ke tambaya."

Ta sunkuyar da kai tana juya ludayi cikin ƙwarya. Ya ga gefen bakinta ya motsa. Ranar nan har ya kai Malam Jaji garin Ƙofa ya dawo bai zagi ko jaki ba.

Shi kuma yakan ce mata 'yar Baffa. Ya gaya mata yana da ɗaki da gona a Kankiya, uwarsa na da rai, ba ya caca, ba ya shan komai sai shayi. Ta ce duk ta ji. Ta ce abin da ba ta ji ba shi ne inda yake ajiye zuciyarsa in ta tashi.

Amma lorin Kabo ma tana tsayawa a tsamiyar. Sada ya sha ganinta daga nesa. Ya ga Kabo a tsugune yana shan fura, ya ga Haulatu tana dariya. Wata rana ya ga sabon ɗankwali a kanta, irin na kantin Kano. Bai tambaya ba. Ya ajiye ƙwarya, ya tada mota, ya tafi. Ya daina tsayawa.

A hanya abin ya ƙara lalacewa. Duk inda suka haɗu da Kabo sai Moris ta sha laka. In Kabo na gaba, ba zai ba da hanya ba. In yana baya, sai ya manne, oda kamar za ta fasa kunne. Sada ya riƙa cije leɓe yana taka mai, har Malam Jaji ya ce masa shi fa allurar shanu aka aike shi, ba lahira ba.

Kulu ce ta tare shi a bakin kasuwa da saƙo. Ta ce an ce ta faɗa masa yadda aka faɗa, kada ta rage kada ta ƙara:

"Ki ce ma Mai ƙarfe, ɗankwali goggona ta ba ni. Kabo kanwar shanu yake kawo ma Baffa, tun ina ƙarama. Dariya kuwa tawa ce, ba a saye ta ba. In zargi ya ishe shi abinci, to Allah shi ba shi lafiya. In bai ishe shi ba, ya san hanyar ruga."

Sada ya ji sanyi a ransa. Can kuma wata zuciya ta ce masa, wa ya gaya mata ɗankwalin ne ya dame ka? Ya ture wannan zuciyar, ya sayi goro, ya roƙi Malam Jaji ya raka shi ruga.

Bube ya karɓe su a kan tabarma, ya sa aka kawo madara. Dattijo ne mai ƙarancin magana, idonsa ba ya sauka daga kan baƙo. Da ma makiyaya ba su sakin jiki da motar En'e, don suna ganin mai zuwa da allura yau, gobe shi zai dawo da masu jangali. Malam Jaji ya yi bayani mai tsawo. Bube ya saurara har ƙarshe, sannan ya tura goron gaban Sada.

"Ba ni da ta cewa kan asalinka, yaro. Amma an ce mani ka ɗaga ma mutum ƙarfe saboda laka."

"Tura ni ya yi cikin rami, Baffa."

"Na ji. To wanda ya ɗaga ƙarfe saboda laka, mi zai ɗaga ran da ɗiyata ta ɓata mashi rai?"

Sada da Malam Jaji suka tashi da goronsu.

A hanya ya yi ta saƙa da warwara. Mutum uku ne a wurin ran nan: shi, Kabo, Haulatu, sai Allah. Wa ya kai wa Bube labarin ƙarfe? In Kabo ne, to neman hana shi yake. In Haulatu ce fa? Ya koma tsamiya ya tambaye ta kai tsaye. Ta ce ita ce. Ta ce ba ta ɓoye wa ubanta komai, kuma ba za ta fara don direba ba.

"Ke nan ba ki so na."

"Da ba na son ka, da mi zai sa in faɗa mashi?"

Ya tafi da wannan magana, ya juya ta gaba ya juya ta baya, bai gane inda ta sa gaba ba.

Damina ta kusa ƙarewa, gero ya fid da kai, sai ga aike daga ruga. Wai an yi wa Bube rasuwar amini a Kusada, ƙafarsa kuma na ciwo, ko za a taimaka a kai shi ta'aziyya a mota. Malam Jaji ya amince nan take, har ya ce shi ran nan hutawa zai yi. Sada ya yi mamaki. Bube, mutumin da ke tafiya Jibiya a ƙasa, wanda bai taɓa yarda ya jingina da mota ba?

Da hantsi ya ɗauke su. Bube a gaba, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Haulatu a baya, da ƙwaryar man shanu a cinya.

Hanyar Kusada ba kwalta, jar ƙasa ce, ruwa ya zaizaye gefenta. Lori ba ta cika binta ba sai lokacin gyaɗa, gyaɗa kuwa tana ƙasa ba a tone ba. Shi ya sa da Sada ya ji oda a bayansa, sai da gabansa ya faɗi. Ya duba madubi. Hancin lorin Kabo ne ya cika shi.

Ya matsa gefe don ta wuce. Ba ta wuce ba. Ya koma hanya, ta manne masa. Ya ƙara mai, ta ƙara. Sai ga wani gum, ƙarfen gaban lori ya taɓi bayan Moris, man shanu ya yi tsalle cikin ƙwarya.

Jini ya hau masa kai. Ya dubi Bube, dattijo na tauna goro yana kallon gonaki. Ya dubi madubi, idon Haulatu na kansa. Tsoro ne a ciki, ko jira? Ya kasa karantawa. Wata zuciya ta ce masa, sun haɗa baki, ita da ƙaton nan, su kunyata ka gaban uban. Ƙafarsa ta ƙara nauyi a kan mai.

Can gaba kwalbati ne, siriri, ba shinge, ruwa na gudu ja a ƙarƙashinsa. Ya san shi. In ya shiga da wannan gudu, lori na tunkuɗa, Moris ba ta da nauyin da za ta tsaya. Ko ta ci amanarsa ko ba ta ci ba, tana cikin motar.

Ya ɗaga ƙafa. Ya gangara cikin ciyawa gaba ɗaya, ƙafafu huɗu, ya kashe inji.

Lori ta wuce da ƙyar, ta tsaya a gaba. Kabo ya sauko yana tafe yana zagi. Ya ce masa ɗan koyo, ya ce masa bawan malamin allura, ya ce irinsu jaki ya dace da su. Da ya iso sai ya tofa yawu a gilashin gaba, daidai fuskar Sada.

Hannun Sada ya gangara ƙarƙashin kujera. Ƙarfen na nan, da sanyinsa. Kusa da shi akwai tsumman goge mota. Ya daɗe hannunsa na can ƙasa, ba mai motsi a motar.

Da tsumman ya fito. Ya buɗe ƙofa, ya goge gilashi tas. Sannan ya dubi Kabo.

"Hanya taka ce. Akwai dattijo da mace a motata. Wuce, Allah shi kiyaye."

Idon Kabo ya tsallake kafaɗar Sada ya shiga cikin Moris, ɗan lokaci kaɗan. Wa ya kalla, na gaba ko ta baya? Sada ya juya, amma ya makara. Bube na kallon gonaki, Haulatu na gyara faifan ƙwarya. Kabo ya hau lorinsa ya tafi, ko oda bai danna ba.

Da suka isa Kusada, Bube ya sauka, ya taka ƙasa garau kamar ƙafar ba ta taɓa ciwo ba. Ya zagayo ta tagar direba.

"Bayan kaka ka turo manyanka."

Haulatu ta fito da ƙwaryarta. Da za ta wuce ta rage murya ta ce, "Sannu, Sada." Ran nan ya fara jin sunansa a bakinta.

Aka ɗaura aure bayan an kai amfani gida. Liman ya yi addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari, jama'a suka shafa. Bube ya ba ɗiyarsa karsana, ya ce da angon ya riƙe amana, Allah ya yi masu albarka su duka. Uwar Sada ta yi kuka ta yi dariya.

Ango ba ya ɗauko amaryarsa da kansa, kowa ya sani. Amma duk Kankiya ba mai tuƙa Moris sai shi, don haka aka yi ta tsokanarsa, ya sa babbar riga ya shiga mota. A ruga ya tarar da lori tsaye, an loda mata ƙorai da tabarmi da gado, mata sun cika bayanta suna guɗa. Kabo na gindin bishiya tare da Bube, suna raba goro ɗaya. Da ya ga Sada sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ango, ango." Wai kyauta ya kawo motar.

Suka kama hanya da la'asar. Malam Jaji a gaba, amarya a baya lulluɓe, Kulu na riƙe da hannunta. Lori na biye can nesa, a hankali, kamar raƙumi mai ladabi. Sada ya dubi madubi. Ta ɗan ɗaga mayafi, suka haɗa ido, ransa ya yi fari. Tasa ce, da yardar ubanta, gaban shaidu.

Sai dai tambaya ɗaya na nan a ransa. Da suka hau kwalta ya rage gudu, ya yi gyaran murya. Malam Jaji ya shiga neman wani abu a aljihu. Kulu ta juya tana kallon waje. Mayafi ya koma ya rufe fuska, yana ɗan girgiza, ko kukan amarya ne ko wani abu daban.

"Wai ni," in ji Sada, "ran nan da muka tafi Kusada, wa ya gaya ma Kabo za mu bi hanyar?"