Ba Baki Ya Turo Wa Baba Ba

Ranar da ta fara ganinsa, rago ta ɗauke shi. Keken ɗinkinta ne ya ƙi cin zare, ta rungumo kansa har shagon mai gyara, sai ta tarar da mai gyaran, wani saurayi, zaune ya dafa gwiwoyinsa, yana kallonta da kaya niƙi-niƙi bai ko motsa ba.

"Sannu da hutawa," ta ce da gatse.

Ya ɗaga mata hannu alamar ta jira. Ya ja iska ta hanci, ya tsuke leɓe ya sake ta a hankali kamar mai hura shayi, sannan ya ce, "Yi haƙuri. Ni da numfashina ne ba ma shiri yau."

Kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta.

Shekara biyu ke nan da korona ta kwantar da shi, ta tafi ta bar masa wannan. An duba zuciyarsa, an ɗauki hoton ƙirji, aka koya masa yadda zai zauna da abin: ya ƙirga biyu in zai shaƙa, huɗu in zai fitar, ya sunkuya gaba in ya taso masa, ya huta tun kafin ya gaji. Har da wata ƴar fanka ta hannu da yake kara wa fuskarsa.

Keken dai ya gyaru a ranar, amma abin mamaki sau biyar ya sake lalacewa a wata guda. Wa zai tambayi tela dalili?

Doguwar hira a waya tana gajiyar da shi, sai suka koma saƙo.

"Sarkin Hutu, ka ci abinci?"

"Na ci, Allurata. Yau na kai bakin titi na dawo, tsayawa biyu kawai."

"To gobe ka tsaya sau uku, ba tsere ake ba. Ni ina nan."

Da magana ta yi ƙarfi, mahaifinta ya ce ya zo ya gan shi. A hawa na uku suke. Ta roƙe shi ya huta a kowane hawa, ya ce to. Amma a ƙasan bene ya haɗu da ɗan ƙanwar Baba, wani direba da ya daɗe yana sonta, ya ga yana haye matakala bibbiyu. Zuciyar maza ta ɗebe shi ya bi bayansa bai tsaya ba.

Ya shiga falo idonsa na ganin duhu. Baba ya miƙo gaisuwa, shi kuwa ya zube a kujera tun ba a ce ya zauna ba, ya tsuke baki yana huci. Ko kalma ɗaya ta ƙi fita.

"A gidana, a gabana, yaro zai turo min baki?" in ji Baba. Ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari ta durƙusa gaban mahaifinta ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ta zaci zai huce. Sai ta ga fuskarsa ta canza.

"Da ma rashin kunyar ce, da ta fi min sauƙi," ya ce. "Kin manta abin da ya ɗauke mahaifiyarki? Ba zan ba ki wanda za ki zauna kina ƙirga numfashinsa ba."

Ba ta manta ba. Ita ma korona ce, kwana tara kacal.

Da labari ya kai wa mai gyara, saƙo ɗaya ya turo mata.

"Baba ya fi ni gaskiya. Ina sonki, amma ban san ranar warkewata ba. Ki yafe min, Allurata."

Ta kira bai ɗaga ba. Sati uku tana ɗinki tana farkewa, ta rame har awon rigarta ya canza. Direba ya yi ta sintiri da tsaraba, ko kallo bai ishe ta ba. Baba yana gani, abin yana cin ransa, amma tsoronsa ya fi tausayinsa yawa.

Sai keken ya lalace, wannan karon da gaske. Don kada ta je shagon, Baba ya ɗauki kan keken da kansa.

Ganin dattijo da kaya, mai gyara ya zabura ya karɓa. Bai kai ga ajiyewa ba numfashi ya sarƙe masa. Ya lallaba ya zauna, ya sunkuya, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Baba ya ƙame a tsaye.

Saurayin ya nuna masa fankar da yatsa. Baba ya ɗauka ya kunna, ya tsuguna ya kara masa a fuska. Yana kallon leɓen nan a tsuke, iska na fita a hankali. Minti biyu, uku, biyar. Kafaɗun suka sauka.

"Baba, ina wuni," ya ce a ƙarshe. "Na daɗe ina son in gaishe ka."

Baba ya dube shi. Hawaye ne ke bin gemunsa.

"Ashe numfashin yana dawowa," ya ce. "Ita mahaifiyarta, nata bai dawo ba. Ba a bar ni na shiga ba, ta gilashi nake kallonta. Ko fifita ban yi mata ba."

"Allah Ya jiƙanta. Ni ba zan yi maka ƙarya ba, Baba, wata rana da sauƙi, wata rana haka. In ya zo da ciwon ƙirji ko ya ƙi lafawa, asibiti aka ce in tafi."

"In ya kai haka, za a bar ƴata ta shiga wajenka?"

"Za a bar ta."

Baba ya share fuskarsa da hannun riga. "Ka ce wa iyayenka su zo."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za ta bar gida, ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka, ya dafa kanta.

"Allah Ya yi muku albarka," ya ce. "Duk ranar da ya tsananta masa, kada ki bari kowa ya tsayar da ke a bakin ƙofa."