Numfashi Biyu

Ku zo ku ji abin da ya sami Ratmi, maƙwabciyata da muka haihu sati guda!

Tun da ta haifi Bagas kunnenta ya zama nasa. Ruwa ya yi ta dukan kwano, kwaɗi su cika gonar shinkafa da kuka, ita numfashin yaron kawai take ji. Har surukarta kan tsokane ta: "Ke 'yar nan, ko gidan nan ya rushe sai an zo an gaya miki!"

Wani dare ambaliya ta kewaye gidansu da ke kan dirkoki, ruwa har ƙarƙashin daɓen gora. Almakashin da ake sa wa jariri ƙarƙashin tabarma don tsari kuma, surukarta ta ara ta manta ba ta mayar ba.

Ratmi tana kwance cikin gidan sauro, tana bin numfashin ɗanta. Sai ta ji wani numfashin yana bin sa a baya, daga ƙasan gora. Yaro ya ja, shi ma ya ja. Yaro ya tsaya, shi ma ya tsaya.

Ta zunguri mijinta. "Baban Bagas, tashi, akwai wani a ƙasa."

"Kwaɗi ne, uwar tsoro, bar ni," ya juya.

Ta yi ta neman ƙarar ruwa, ko minsharinsa, kunnen ya ƙi sakin numfashin nan. Ga shi ba inda za ta gudu da jariri.

Can sai ƙasan gora ya yi tsit. Ta rungume Bagas, ta ƙara kasa kunne.

Numfashin dai biyu ne. Duka a cikin gidan sauro.